Wutsiyar Kuregen da na Kai Masar

Tun da na dawo ban huta ba. A ƙofar masallaci, a kasuwar kifi, har a wurin zaman makoki, sai wani ya ja min hannun riga ya ce, "Ladan, yaya Masar?" In na fara ba wannan labari, wancan ya iso ya ce a koma farko. Shi ya sa na sayi littafi na zauna na rubuta, don ina tsoron garin maimaitawa in ƙara abin da bai faru ba, a rubuta min ƙarya. Iyakar karatuna firamare, wanda ya ga kuskure ya yi min uzuri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Umaru, masunci ɗan masunci a Yawuri, kuma ni ke kiran salla a unguwarmu. Yanar ido ce ta rufe min idon dama, na hagu ma ya fara hazo, har na daina shiga ruwa. Ƙanena ya ɗauki nauyi ya ce in je Masar a kankare min, tunda ɗana yana can yana karatun addini, saura masa shekara guda ya gama. A watan Afrilu na 2014 ke nan.

Ɗan nan shi ne na fari, kuma sunan mahaifina ne da shi, Abba muke ce masa. Kun san yadda abin yake. Tun da aka haife shi ban taɓa duban idonsa na yi masa magana ba. Ko yana tsaye gabana, ƙanwarsa nake ce wa, "A ce a kawo buta." Shi ma ta haka yake ba ni amsa.

Ana saura mako guda in tashi, ya bugo wa ƙanwar tasa waya ya ce a gaya wa Baba ya taho masa da abu uku: gashin zabo, gashin wuyan jan zakara, da wutsiyar kurege.

Na zauna a kan turmi. Ni da na girma cikin masunta, na san gidan da ake kai irin waɗannan kaya, kuma na san ba makaranta ba ce. Uwarsa Hajara ta ce, "Malam, ka kai masa. In ka hana shi, a can zai nema, mu kuwa ba za mu taɓa sani ba. Ka je ka sa ido."

Na ce, "Wane idon?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In ka tarar abin da muke tsoro ne, ka sa shi gaba ku dawo tare. Gara ya dawo ba takarda da ya dawo ba imani." Da wannan alkawari na bar gida.

Gashin zabo da na zakara ba su ba ni wuya ba. Wutsiyar ce sai da na je wurin Ɗan Ila maharbi. Ya miƙo min ita a ƙunshe, ya rage murya ya ce, "Ladan, ashe kai ma? Ba mai ji daga bakina." Na rantse masa ba tawa ba ce. Ya ce kowa ma haka yake cewa.

Motarmu ta bi ta Kwantagora da Kaduna, taya ta fashe sau biyu, muka isa Kano da ƙyar. A jirgi aka kawo min nama a ɗan faranti. Ban san wanda ya yanka ba, na ci burodin na mayar da sauran. Sallar la'asar kuwa na yi ta a zaune, ban san inda gabas take ba, shi ya sa da na sauka na sake ta, washegari na ƙara sakewa saboda kokwanto.

A filin jirgin Alƙahira wani ma'aikacin kwastan mai ƙiba ya buɗe jakata. Ya ajiye bandar kifin da na riƙo gefe, ya kwance ƙunshin, ya ɗaga wutsiyar sama gaban jama'a. Ya yi min tambaya mai tsawo da Larabci. Larabcina na salla ne, babu sunan kurege a ciki. Na lalubo kalma ɗaya na ce, "Amana." Ya ɗora wutsiyar a kan leɓensa kamar gashin baki, ya juya wa abokin aikinsa, suka tuntsire da dariya. Ya mayar min da ita ya ce, "Yalla." Bandar kifin kuwa suka riƙe. Abin halal ya tsaya a kan iyaka, abin da nake zargi ya wuce lafiya.

Abba ya zo tarona tare da abokin ɗakinsa, Laminu, wani mai surutu ɗan Damagaram. Abba ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina duban fitila. Na lura dai ya rame. Na ce wa Laminu, "A tambaya ko ana cin abinci." Laminu ya waiwaya dama da hagu ya ce, "Baba, wa za a tambaya?" Daga ranar ya zama tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushe.

Gidansu yana unguwar da suke kira Hayyus Sabi'i, inda ɗalibai suka fi yawa, a hawa na shida. Akwai lif, wani akwatin ƙarfe mai ƙara kamar tsohon injin niƙa. Sau ɗaya na shiga, na karanta duk abin da na haddace, daga nan na koma bin matakala. Mai gadin gidan, wanda suke kira bawwab, duk sanda na wuce ina haki sai ya ce, "Ma'alish ya hajj." Wato, yi haƙuri Alhaji. Na sa Laminu ya gaya masa ban je Makka ba, kada ya ɗora min abin da ban yi ba. Ya ce ma'alish, ya ci gaba da kira na hajj.

Abincinsu wake ne da safe, a dame shi da mai a ci da gurasa. Akwai kuma kushari, wato shinkafa da taliya da wake da albasa a kwano ɗaya, kamar an haɗa ragowar tukwanen gida huɗu. Yana da daɗi, ban ɓoye ba. Direbobinsu ba su san birki ba, oda kawai suka sani. Mace kuma daga hawa na biyar za ta sako kwando da igiya, mai shago ya zuba mata kaya ta ja, ba ta taka ƙasa ba. Wannan dabarar na yaba mata.

Likita ya duba ni ya ce sai an yi gwaje-gwaje, aiki sai bayan mako uku. Na miƙa ƙunshin ta hannun Laminu, na zauna jira.

Ran nan bayan la'asar ina kwance kamar mai barci, Abba ya jawo wani akwatin gwangwani daga ƙarƙashin gado ya zauna bakin taga. Da hazon idona na hagu na ga ya tsinki gashin zabo, ya yanki ɗan gashin wutsiyar, yana naɗa su da zare a jikin wani abu ƙarami da ban iya gani ba. Bakinsa yana motsi. Da ya zo ƙulli sai ya kai yatsa baki ya shafa masa yawu, ya ja. Kowane Musulmi ya san abin da aka faɗa game da masu tofi a ƙulli. Ya gama wannan ya jera a akwati, ya ɗauki wani.

Ban iya tambayarsa ba. Laminu ma ban tambaye shi ba, don in bai sani ba na tona wa ɗana asiri, in kuwa ya sani to su biyu ne. Abin da na ji kawai shi ne duk Asabar Abba yana zuwa wurin wani tsohon Bature a Zamalik. Na ce a raina, ga mai sayen kayan nan.

Na yanke shawara. Na taɓa jin malamai sun ce irin wannan abu a kwance shi, ko a zuba shi a ruwa mai gudu. Kwancewa ta fi ƙarfin idona. Ruwa mai gudu kuwa ga Nilu. In na gama da akwatin, sai in ce a haɗa kaya.

Sai ga ranar wani bikinsu, Shammun Nasim, da kowa ke fita shan iska. Abba ya tafi bitar jarrabawa. Na sa akwatin a aljihun babbar riga, na ce wa Laminu masunci bai kamata ya zo Masar bai gaida kogi ba. Muka tarar da bakin ruwa cike da iyalai a kan tabarmi suna cin wani kifi da suke kira fasikh. Tun daga nesa na ji shi. A Yawuri in kifi ya kai wannan matsayi, rami ake haƙa masa. Su kuwa da gangan suke ajiye shi cikin gishiri har ya yi haka, su matsa lemon tsami su ci da albasa suna lumshe ido. Wani dattijo ya miƙo min, na ce ina azumi, nan take kuma na tuna ba na yi, sai na ɗauki niyyar yin azumi washegari don in biya ƙaryar.

Na aiki Laminu ya sayo min gasasshen dankali. Na sauka matakala har gaɓar ruwa, na yi bisimilla, na buɗe akwatin na kifar da shi. Abubuwan suka watsu a kan ruwa, ba su nutse ba, suna ta shawagi.

Sai na ji "ɗas." Can kuma "ɗas, ɗas." Ido na iya cin amanar masunci, kunne ba ya yi. Karfasa ce ke tasowa tana cafka, daidai yadda take yi a gida ranar ruwan farko in shinge, ƙwarin nan masu fiffike, suka faɗa kogi. Ban gama mamaki ba, na sa hannu in share cikin akwatin, guda ɗaya da ta maƙale ta soke ni a babban yatsa. Na shafa ta. Shekara hamsin ina riƙe wannan abu, ko a kabari aka sa min shi a hannu zan gane shi. Ƙugiya ce. Ƙugiyar fatsa, an yi mata riga da gashin zabo ta zama ƙwaro.

Laminu ya iso da dankali ya ga akwatin wayam. Ya ce, "Inna lillahi. Baba, aikin wata biyu ne fa."

Da yamma muka zauna mu uku. Na ajiye ƙugiyar a tsakiya na ce wa Laminu, "A tambaya, mene ne wannan?"

Abba ya dubi bango ya ce, "A gaya wa Baba ƙwaron kamun kifi ne. Tsohon nan a ƙasarsu da shi suke su. Hannunsa ya fara rawa, ba ya iya ɗaurawa. Na gan shi ne wata rana zarensa ya harɗe, na warware masa. Wata mai zuwa zai koma gida, ya ce wataƙila shi ne sunsa na ƙarshe."

"A tambaya, me ake karantawa a kai?"

"A ce haddata nake bita, hannu na aiki baki na aiki."

"Yawun fa?"

"A ce don gashin ya kwanta, ƙulli ya kama. A wurin Baba na gani, in yana gyaran komar kifi."

Laminu ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ma sai na maimaita?" Na ce a'a, na ji. Gaskiya ne, haka nake yi, haka mahaifina yake yi. Yaron yana bayana duk shekarun nan yana kallon hannuna, ni ina kallon wani wuri.

Abba ya ce a gaya min ba komai, zai san abin da zai faɗa wa tsohon. Na ce a'a. Wanda ya zubar da kayan mutane shi zai je da ƙafarsa.

Ranar Asabar muka hau tasi zuwa Zamalik, tsibiri ne a tsakiyar kogi, duk itatuwa da masu gadi. A bayan gidan ’yarsa, wadda ke aiki a wani ofishin jakadanci, muka sami tsohon, Mista Dankan, mutumin Sikotilan. Yana tsaye a kan ciyawa da doguwar sanda, yana kaɗa zare gaba da baya a sama, ya sake shi ya kwanta a busasshiyar ƙasa. Babu ruwa ko na alwala. Abba ya ce wa iska, "Gwaji yake, kada hannu ya manta." Ga kuma kare yana shinshina ni, na tattare riga har gwiwa ina lissafin wanki.

Yanzu Abba ne tafinta na gaske, ba yadda zan yi. Na dubi itace na faɗi laifina tun daga wutsiya har kogi, ban rage komai ba. Fuskar tsohon ta yi ja. Na ce yau za a kira ’yan sanda. Da aka zo wurin karfasa sai ya ɗaga hannu, ya yi tambaya da sauri.

Abba ya ce, "Wai kifin ya ci?"

Na ce a ce ya ci.

"Wai wanne ya fara ci?"

Na ce ban gani ba, amma ƙarar daga gefen hagu ta fi yawa, inda na jerin farko suka faɗa. Abba ya ce na zabo ne. Tsohon ya buga cinya, ya yi dariya har da tari. Wai shekara uku yana jefa ƙwarinsa a Nilu, ko kifi ɗaya bai taɓa kula shi ba, ga baƙo ya zo rana ɗaya ya ciyar da kogin gaba ɗaya. Ya sa aka kawo shayi.

Nan ya ba ni labarin ruwansu. Kifinsu biyu ne. Akwai tirawut, mai ɗige-ɗige kamar zabo, ɗan asalin rafinsu, ba kawo shi aka yi ba. In sanyi ya wuce ƙwari suka fara fitowa daga ruwa, sai a duba irin ƙwaron da ke tashi ranar, a ɗaura mai kama da shi. Na wannan wata ba ya aiki a wata mai zuwa. Da zafi ruwa kan ragu, kifi ya yi wayo, sai ƙananan ƙwari da sanɗa. In ganye ya fara zuba, babban, wato salmun, shi ake nema. Da sanyi kuma a rufe rafi, ba mai taɓa shi, kifi na ƙwai, mutane na gida suna ɗaurin ƙwari. Na ce a gaya masa mu ma Sarkin Ruwa yana rufe wuri, wanda ya shiga kafin a buɗe sai ya ji a jikinsa. Ya miƙo min hannu muka gaisa a kan wannan.

Na kawo abin da ke cina. Kifayen da suka haɗiyi ƙugiya ba zare, haƙƙinsu yana kaina. Ya ɗauki ƙugiyar ya nuna min: ɗan haƙorin nan da ke hana kifi zarewa an danne shi. Za su tofar. Duk nasa haka suke, don in ya kama kifi, cirewa yake ya mayar da shi ruwa.

Na zaci tafintan ne ya yi kuskure. Na ce a sake tambaya. Aka sake. Ya tsaya cikin ruwan sanyi har ƙugu tun safe, ya kama, ya duba, ya saki.

"A tambaye shi, to me yake ci?"

Abba ya danne dariya ya ce, "Wai a hanyar gida yake tsayawa ya sayi soyayyen kifi."

Har yau ban gama fahimtar wannan ba. Amma abin da ya faɗa game da salmun ya zauna min. A ƙaramin rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru ba wanda ya san inda yake, ranar da ya isa sai ya juyo da kansa, ya haura duwatsu har rafin da ya fito. Tsohon ya ce ba mai zuwa ya ɗauko shi. Abba ya fassara wannan da ƙaramar murya, yana duban takalminsa.

Ranar Talata aka yi min aiki. Da aka cire bandeji, abin da na fara gani shi ne rigata duk tabon miya, mako uku ina yawo da ita a ƙasar mutane. Na biyu kuma fuskar Abba. Hancin mahaifina ne sak.

Saura kwana goma sha biyu tsohon ya tashi, jarrabawar Abba kuma ta matso. Mista Dankan ya aiko min da tabaransa mai ƙara girman abu. Muka zauna bakin taga, ni da Abba, Laminu a tsakiya yana cin gyaɗa. Na farko da na ɗaura ya fito kamar kazar da ruwa ya doka. Na goma ya fara kama da ƙwaro. A kwana na uku ina riƙe da gashin zakara da yatsu biyu, in na saki ya warware, zare kuma ya ƙare min, Laminu ya shiga banɗaki. Na jira. Bai fito ba. Gashin ya fara zamewa.

Na ce, "Kai, miƙo min baƙin zaren nan."

Ya miƙo. Ya ce, "Baba, ka ƙara zagaye biyu kafin ka ƙulla."

Na ƙara. Laminu ya fito ya tsaya a ƙofa ya ce, "Khalas, an kore ni daga aiki."

Mun cika akwatin ana saura kwana biyu. Tsohon ya zaɓi guda na zabo ya soka min a hula, wai haka suke yi a ƙasarsu.

Da na iso gida Hajara ta leƙa bayana ta ga ba kowa. Ta ce, "Malam, ina yaron?" Na ce yana can kan karatunsa, in ya gama zai juyo da kansa. Ta ce wutsiyar fa? Na ce su yake yi da ita. Ta riƙe haɓa ta ce, "Mun kai shi har Masar don ya rabu da kifi."

Abu ɗaya ya rage min. Mu in muka sa tana a ƙugiya, ko ba komai kifi ya ɗanɗani wani abu kafin ya mutu. Wannan kuwa gashi ne da zare, yaudara tsantsa. Na kai wa liman tambayar, ya ce zai duba, wata biyu ke nan. Kafin ya ba da amsa ban jefa shi a ruwa ba, yana nan a hulata. Don haka masu kallon kaina a sahu, musamman Ɗan Ila da ke kashe min ido, ku sani ba laya ba ce. Ƙwaro ne, kuma ɗana ne ya koya min ɗaura shi.